Yauƙin jiki ba majina kaɗai ba ne: amsoshin likita

Tambaya: Likita, an yi mini gwajin CA-125 aka samu 62. An ce gwajin sankarar ƙwan mace ne. Na kamu ke nan?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki tukuna. CA-125 ɓallin wani furotin ne mai suna MUC16, ɗan gidan miyusin, wato dangin da ke ba majina da kaki yauƙinsu. Shi dai ba ya malala. A dashe yake a jikin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe bangon ciki da mahaifa, har da saman ido, kuma duk abin da ya dami shimfiɗar nan sai ɓallinsa ya yawaita a jini. Yawancin ɗakunan gwaji sun ɗauki lamba 35 a matsayin iyaka, amma jinin al'ada, farkon juna biyu, ƙarin mahaifa, ciwon sanyin mara da ciwon hanta mai tara ruwa duk suna ɗaga shi. Kusan rabin masu wannan sankara a matakin farko kuwa, gwajinsu lafiya lau yake fitowa. A yi miki hoton mara, a sake gwajin bayan kin yi tsarki. In kin daina al'ada, ko ciki na kumbura, ko kina ƙoshi da loma kaɗan, kada ki ɓata lokaci wajen ganin likitan mata.

Tambaya: Ni ɗalibi ne. An koya mana cewa miyusin na aika saƙo cikin ƙwayar halitta. Ta yaya yauƙi zai yi magana?

Amsa: Malam, ɗauki MUC1, shi aka fi sani a gidan miyusin. Kamar turke ne da ya huda katanga. Ɓangaren waje dogo ne, nanomita 200 zuwa 500 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita guda), sassan sukari sun lulluɓe shi kamar gashin buroshi, su ke riƙe ruwa suna tare ƙwayoyin cuta. Ɓangaren ciki gajeriyar wutsiya ce mai amino asid 72, wato tubalan da ake gina furotin da su, kuma nan maganar take. Idan wani abu ya taɓa waje, sai a liƙa wa wutsiyar wani ɗan sinadari mai suna fosfet, wasu furotin irin su beta-katenin su kama ta, ta shiga cibiyar ƙwayar ta kunna umarnin "ki girma, kada ki mutu".

A ƙwaya mai lafiya, MUC1 na zaune a saman da ke fuskantar waje kaɗai, masu karɓar saƙon girma irin su EGFR kuma suna gefe da ƙasa, da shinge a tsakaninsu. In an ji rauni shingen ya faɗi, su haɗu, ƙwayoyi su hayayyafa su cike gurbi, sannan kowa ya koma mazauninsa. A sankara shingen ba ya komawa. MUC1 ya yi yawa, ya bazu ko'ina, sukarinsa ya gajarce, saƙon girma ya ƙi yankewa. Haka wani miyusin mai suna MUC4 yake yi da HER2, wani mai karɓar saƙon girma. A ganina wannan rushewar shinge ta fi yawan furotin ɗin muhimmanci, amma ɗalibai sukan haddace yawan su manta da ita.

Tambaya: Mahaifiyata ta fara maganin sankarar mama, sai CA 15-3 nata ya ƙaru. Maganin bai karɓe ta ba ne?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. CA 15-3 ɓallin MUC1 ne da ake aunawa a jini. A makonni 4 zuwa 6 na farko yakan hau saboda ƙwayoyin sankarar da ke mutuwa suna zubar da shi. Ana duba inda lambar ta dosa a gwaji biyu ko uku, a ɗakin gwaji guda, a haɗa da hoto. Kada ta tsayar da magani.

Tambaya: In yauƙi na kare tumbi, ta ina ƙwayar gyambon ciki ke shiga?

Amsa: Ƙwayar, mai suna Helikobakta, na fitar da sinadarin da ke rage tsamin kewayenta, yauƙin ya tsinke, ta yi iyo ta wuce. Da ta kama MUC1, sai ƙwayar halittar tumbi ta ɓalle ɓangaren waje ya tafi da ita, amma ba duka ke tafiya ba. A shanye magani na kwana 14, a sake gwaji aƙalla mako 4 bayan gama maganin, kuma a dakatar da omefirazol, maganin rage tsamin ciki, mako 2 kafin gwajin, don yana ɓoye ta.