Tambaya da Amsa: Zan kai ɗiyata jami'a a Yamai, in zauna da ita ko in dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a Tahoua. Ɗiyata ta fari ta ci jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, a bana, kuma za ta karanta likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Ba ta taɓa kwana nesa da ni ba, in ba a ƙauyen kakanninta ba. Tun da na fara haɗa mata kaya barci ya ƙaurace mini. Mahaifinta ya ce a saka ta a mota kawai, ni kuwa ina so in raka ta in zauna da ita ko da wata ɗaya ne. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun. Na daɗe ina ba ɗalibai da iyayensu shawara kan shiga jami'a, kuma ra'ayina shi ne ki raka ta, amma kada zamanki ya wuce kwana uku ko huɗu. Tsakanin Tahoua da Yamai akwai fiye da kilomita 500, tafiyar wuni ce ta Ƙonni da Dogon Dutse da Dosso, kuma bai kamata yarinyar da ba ta san garin ba ta sauka a tasha da dare ita kaɗai da kaya niƙi-niƙi. Amfanin rakiyar shi ne ki ga inda za ta kwana da idonki, ki kuma danƙa amanarta hannu da hannu. Zaman wata ɗaya kuwa zai hana ta sabawa da abokan karatunta a daidai lokacin da sababbin ɗalibai suke sanin juna.

Maganar masauki ita ce gaba da komai, kuma a kanta nake so ki fi tsayawa. Ɗalibai sun fi ɗakunan kwanan jami'a yawa nesa ba kusa ba, saboda haka kada ku ɗauka cewa sabuwar ɗaliba za ta samu gado da zuwanta. Ku tsayar da mai masauki tun kafin ku sayi tikitin mota. Jami'ar tana Harobanda, wato tsallaken kogi, kuma wanda yake cikin gari sai ya haye gada kullum, galibi Gadar Kennedy. Idan ɗan uwan da kuka zaɓa yana can ƙarshen gari, kuɗin taksi safe da yamma zai cinye abin da kuke aika mata, ga makara a darasin safe. Gida a Lamorde ko Karaje ko Kirkisoye, ko da na aminan arziki ne, ya fi mata sauƙi.

Idan kin isa gidan, ki zauna da uwargida ku yi magana a fili, ba kunya ba nauyi. Na sha ganin ɗaliba mai ƙwazo ta faɗi jarrabawar shekarar farko saboda an mayar da ita mai girki da wanke-wanke da rainon yara, ita kuma ladabi ya hana ta buɗe baki. Ki faɗi lokutan karatunta, ki amince da aikin da za ta taya su, ki kuma kai naki gudunmawar, ko buhun hatsi ne ko wani abu duk wata, domin wanda ya ɗauke miki nauyi bai kamata ya ji an bar shi da shi ba.

Takardu kuwa ku gama su tun a Tahoua: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, shaidar cin bak da takardar makinta, da hotuna, tare da kwafi da yawa da hukuma ta buga wa hatimi. Ranar rajista ki bar fayil ɗin a hannunta, ita ta bi layi, ita ta yi tambaya, ke kuma ki samu inuwa ki jira. Za ki ga tana inda-inda a gaban ma'aikaci, zuciyarki za ta ce ki tashi ki karɓe maganar, amma ki daure, domin daga jibi ita kaɗai za ta riƙa shiga waɗannan ofisoshin.

Game da kuɗi, hukumar ANAB ce take kula da bursin ɗalibai, wato tallafin karatu na gwamnati, sai dai ba kowa yake samu ba, kuma wanda ya samu ma bai kamata ya dogara da shi a watannin farko ba. Ku yanke adadin da za ku iya, ku tsayar da ranar aikawa kowane wata, ta koyi lallaɓa shi. A cikin kaya kada ki manta da sange, don unguwannin bakin kogi suna da sauro sosai bayan damina. Garin rogo da ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan cuku za su rufa mata asiri ranar da ta dawo a gajiye.

Rashin barcin da kika ambata ba baƙon abu ba ne a wurina. Ranar da na kai ɗana na dawo, na shiga ɗakinsa na tarar da tsofaffin takalmansa a bakin ƙofa da littafin lissafi a buɗe a kan tabarma, sai na kasa cin tuwon dare. Ina zaton mahaifinta ma haka yake ji, yana ɓoyewa ne kawai. Idan kuka zo rabuwa, ki yi mata addu'a da nasiha a gida tun da dare, kada ki bari sai a tasha inda kuka zai sha kanku. A makonnin farko za ta kira ki tana cewa zafi da hayaniya da Zabarmancin da ba ta ji sun ishe ta, tana so ta dawo. Ki saurare ta har ta gama, kada ki yi mata faɗa, kada kuma ki aika kuɗin mota. Ku tsayar da lokacin waya guda, misali bayan sallar isha'i, ki karɓi lambar uwargidan da ta wata ƙawarta ɗaya, don ranar da wayarta ta mutu ki san wanda za ki kira.