Ƙarfen da aka dasa wa Baba ba shi da rufin peptayid, ko allura za ta cike gurbin?

Tambaya: Likita, wata 2 ke nan da aka dasa wa mahaifina ƙarfen titaniyam a ƙugu. Na karanta ana shafa wa irin ƙarfen nan peptayid, wato 'yan guntayen furotin, don ƙashi ya kama shi, nasa kuwa ba a shafa ba. Wani a intanet ya ce zai sayar mana da allurar peptayid a yi masa a wurin. Wallahi na kasa barci.

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ba a cuci Baba ba. Titaniyam ko babu rufi ƙashi na kama shi. Wani likita mai bincike, Brånemark na ƙasar Suwidin, ya ga haka a ƙashin zomo tun 1952, da ƙarfen ya ƙi ciruwa.

Abin da kika karanta bincike ne na gaske. Peptayid ɗin da aka fi gwadawa shi ne RGD, mai amino asid (tubalan ginin furotin) 3 kacal, da aka gano a 1984. Ƙwayoyin da ke gina ƙashi suna da 'yan ƙugiyoyi a jikinsu, integirin, da zarar sun tarar da RGD sai su maƙale su baje. Amma da sinadarai ake ɗaure shi a fuskar ƙarfen kafin tiyata, kuma galibin aikin yana matakin gwaji a kan dabbobi.

Maganar allura kuwa ita ke ɓata mini rai, don kusan kullum sai an kawo mini ita. Ta ina allura za ta rufe ƙarfen da ke cikin ƙashi? RGD da ke yawo a ruwa ma toshe ƙugiyoyin nan yake yi, ya hana su kama komai. Wannan duk mai sauƙi ne. Tsinin allurar zai iya kai ƙwayar cuta kan ƙarfen, ta yi masa wata yauƙi-yauƙin shimfiɗa da magani ke shan wahalar ratsawa. Na sha ganin ƙarshen abin: ƙugu ya kumbura ya yi ja, mugunya na tsiyaya, a buɗe a cire ƙarfen, a yi makonni ana ƙarin maganin ƙwayoyin cuta, sannan a sake tiyata. Mai sayarwar kuwa ya kashe waya. Su ji tsoron Allah, da ƙafar dattijo suke wasa!

Kada kowa ya huda wurin nan. In Baba na shan taba ya bari, a kula da sugansa, ya bi atisayen da aka ba shi. Kika ga zazzaɓi, kumburi ko ruwa daga ɗinkin, ki kai shi wurin likitan da ya yi aikin a ranar.