Amsa ga kofur ɗin da nakiya ta raba da ƙafarsa

Ɗan'uwa, sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta tambayarka sau biyu: nakiya ta tashi da motarku, an yanke ƙafar hagu, ana shirin sallamarka, kana son sanin abin da gwamnati za ta ba ka. Wallahi kamar ni na rubuta, sai dai ni hannu ne da kunne.

Haƙƙin dai akwai shi a rubuce: giratuti, fansho, ƙarin kuɗin nakasa, magani, da ƙafar roba. Amma duk a rataye suke da takardar kwamitin likitoci, mai faɗin kashi nawa cikin ɗari na lafiyarka ya tafi, da kuma shaidar cewa a bakin aiki abin ya same ka. Kada ka sa hannu a takardar sallama sai ka ga waɗannan biyun da idonka.

Nan ne na sha wuya. Ranar da aka kwashe mu, kowa ta ransa yake yi, ba wanda ya rubuta rahoton yadda na ji rauni. Bayan sallama na je wani ofis da hannu a naɗe. Wani ma'aikaci, yaro ne da na haifi kamarsa, ya buɗe fayil ɗina da yatsa ɗaya, idonsa na kan waya, ya ce, "Oga, ina shaidar ba babur ne ya kayar da kai ba?" Babur! Ni da har yau akwai ɓarɓashin ƙarfe a kafaɗata, in sanyi ya shigo ba na barci. Na tsaya ina kallon fankar da ke juyawa a samansa, bakina ya mutu. Da na fito na zauna a matakala na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne abokaina. Har gobe ina ganin fuskar yaron nan. Sau huɗu ina komawa, sau biyu yana cewa fayil ya ɓace. Sai da na nemo kwamandanmu na da, ya rubuto wasiƙa, sannan aka saurare ni.

To kai tun kana cikin kaki, karɓi kwafin komai: rahoton bataliya, katin asibiti, hoton ƙashi, sunayen waɗanda kuke tare a motar. Ba uwargida saiti guda ta ɓoye.

Gaban likitoci kuma ka ajiye jarumtar soja. Ni da aka tambaye ni na ce "da sauƙi", suka rubuta da sauƙin. Faɗi komai, har ƙarar da kunne ke yi. Kada ka raina ta, a Amurka ita ce kan gaba a nakasar da ake biyan tsofaffin sojoji diyya a kai, kuma can daga sifili zuwa 100 suke auna nakasa, goma-goma. Firgita cikin barci da yawan fushi ma rauni ne, tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa suka ba shi suna a littafinsu. Ni shekara biyu yarana na gudun ɗakina kafin na yarda ina da shi.

Tambayi wa'adin neman haƙƙi da na ƙorafi in kason da aka ba ka bai yi maka ba. Ko a Ingila, tsarin da suka fara a 2005 shekara 7 yake ba mutum ya nemi haƙƙinsa. Ƙafar roba kuma tana lalacewa, kututturen yana ramewa, don haka ka ji wa zai biya ta biyu.

Af, duba sunan magajin da ke fayil ɗinka. Nawa sunan mahaifina ne da ya rasu tun ina kofur, gyaransa kaɗai ya ci mini wata uku. In za ka gaban kwamitin, yi mini magana ta akwatin saƙo, ina da kwafin takarduna in nuna maka yadda suke.