Neman asalin kakanku a Jos

Ɗan uwa, kace kakanku yazo Jos aikin kuza kana so ka gano asalinsa ta maƙabarta. Gaskiya kaburburanmu yawanci ba suna, ni da baffana munje ta Zaria Road sai wani dattijo mai haƙa ne ya nuna mana wajen kabarin da muke nema da hannu, nan baffa ya tsaya yana ta hawaye. Fara da tsofaffin mata tukuna, su gwaggo su ke riƙe da sunaye, ka ɗauki muryarsu a waya tun suna raye. Juya bayan tsofaffin hotuna, wani lokaci akwai hatimin mai hoto harda shekara, a akwatin ƙarfen kakarmu ma rasit ɗin haraji muka tsinta. In ka samu sunan garinsu sai ka wuce Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa ko kuma Arewa House, cibiyar binciken tarihin Arewa.