Ɗana yana tsare, in bar shi a can ko zai daina shan ƙwaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An kama ɗana mai shekara 22 da wayar sata, yanzu yana gidan gyaran hali na Kaduna yana jiran shari'a. Shekararsa uku yana shan tiramol da roci. Baffanninsa sun ce kada a yi belinsa, wai zaman can zai raba shi da ƙwaya. Haka ne? Wata uwa daga Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya shirya mana shi. Na san gajiya ce ta sa baffanninsa faɗin haka, amma ban goyi bayansu ba. Kulle yana raba mutum da dila na ɗan lokaci, ba ya cire masa ƙishin ƙwayar.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne yankewa rana ɗaya. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, kwana ɗaya da rasa ta sai ki ga gumi, hamma, majina, gudawa da ciwon gaɓoɓi, ga barci ya ƙaurace. Wahala ce, amma takan lafa cikin mako guda ko fiye kaɗan. Roci kuwa, wato ƙwayar nan mai sa barci, ba a wasa da ita: yanke ta kwatsam na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har a rasa rai. A hankali likita ke rage ta. Don haka in kin je ziyara, ki nemi ma'aikatan lafiya na gidan ki faɗa musu sunan abin da yake sha da yawansa. Wannan ba wurin jin kunya ba ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai batun kotu. Dokar 2019 da ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da sa ido a kan mai laifi yana gida. Ki sa lauyansa ya nemi beli, ya kuma roƙi alƙali a kai yaron a duba shi a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, inda ake da sashen masu shaye-shaye. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana ba da shawara da gyaran hali, ba kamu kaɗai take yi ba. Gidan mari dai kada ma a kawo zancensa. Mutanen Kaduna ba su manta da waɗanda aka fito da su daga wani gida a Rigasa a 2019 da sarƙa a ƙafa ba.

Ranar fitowarsa kuma, wadda kowa ke murna, ita ce farkon kwanaki mafi haɗari. Bayan watanni babu sha, jiki ya manta da ƙwayar, shi kuwa bai manta da adadin da yake haɗiya ba. Abokai su zo yi masa barka, ya watsa abin da ya saba, numfashi ya tsaya. Shi ya sa makonni biyun farko bayan saki aka fi rasa irin waɗannan yara. Ku je ku ɗauko shi da kanku daga bakin ƙofa, ranar ganin likita ta zama an riga an tsayar da ita, a kuma faɗa masa wannan magana ƙarara tun yana ciki. In kuka ga yana barci mai nauyi, numfashi sama-sama, leɓe ya canja launi, kada a tsaya yayyafa ruwa ko ɗura madara, a garzaya da shi asibiti mafi kusa.