Tambaya da Amsa: Idan Amfanin Gona Ya Wuce Tsammani

Tambaya: Bana na shuka masara ina sa ran buhu takwas, sai ga shi Ubangiji ya ba ni buhu 15. Amma akwai bashin taki a kaina, kusan kuɗin buhu uku. Yaya zan fitar da zakka, kuma me zan kai ranar godiyar girbi? Daga wata 'yar Zumuntar Mata, Zonkwa.

Amsa: Barka da arziki, Mama, mun taya ki murna. Ki fara ware buhu ukun nan na mai taki, domin ba naki ba ne. A 2 Sarakuna 4, da man wata gwauruwa mai bashi ya cika dukan tulunan da ta aro, abin da annabi Elisha ya fara gaya mata shi ne ta sayar ta biya bashinta, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci saura. Bai dace mutum ya yi rawa da hatsi zuwa gaban bagade alhali mai bin sa bashi na zaune a kujerar baya yana kallo ba.

Littafin Firistoci 27:30 ya ce kashi ɗaya cikin goma na amfanin ƙasa na Ubangiji ne, amma bai yi maganar kuɗin taki ba, shi ya sa malamai suka rabu. Masu lissafi a kan jimla za su ce buhu ɗaya da rabi daga 15. Masu cire bashi za su ce saura 12, zakkarsu buhu ɗaya da kashi ɗaya cikin biyar na buhu. Mu dai mun fi karkata ga na biyun ga wanda ya yi noma da rance. Ki auna da mudun da kike auna na gida, kada ki yi kirdado.

Baikon godiya kuwa daban yake da zakka, ba shi da ma'auni. Ki yanke shawara tun a gida, bayan kin ƙidaya bakin da za ki ciyar har kaka mai zuwa. Inda ake samun matsala shi ne lokacin da ganga ta yi daɗi, mutum ya miƙe ya yi alkawarin buhu biyu don ya ga maƙwabcinsa ya yi, daga baya ya shiga gudun sakataren ikkilisiya. Mai Hadishi 5:5 ya ce gara kada a yi wa'adi da a yi a kasa cikawa. Abin da za ki kai kuma ya zama daga mai kyau, ba sharar masussuka ba. Kada ki manta da waɗanda suka taya ki noma, da gwaurayen unguwarku.

Tambaya: Hatsin godiyar da jama'a suka kawo bara ƙwari sun cinye shi kafin Afrilu. Me za mu yi bana? Daga wani dattijon ikkilisiya, Biu.

Amsa: Baba, wannan abin baƙin ciki ne, guminsu ne mutane suka kawo wa Allah. Yawanci dalili biyu ne: hatsin bai bushe ba, ko an haɗa na gidaje da yawa, ciki har da mai ƙwari. Ku sake shanya shi a kan tampol, ku sheƙe. Don gwaji, ku zuba ƙwayoyin masara da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba ku girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, akwai sauran danshi.

Ku zuba a buhun PICS, wato buhun adana hatsi mai leda biyu a cikinsa, wanda ke hana iska shiga. A matse iska, a ɗaure kowace leda ita kaɗai. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin, don haka huda ɗaya ta ɓera ta ɓata aikin. A jera a kan katako, nesa da bango. Wake ya fi saurin lalacewa, shi za a fara ɗaurewa.

A rubuta kowane mudu a littafi ranar da ya shigo, makulli kuma ya kasance a hannun mutum biyu, kamar yadda Bulus ya sa amintattu su raka gudummawa don kada a sami abin zargi. Ku ajiye rabon gwauraye da marayu zuwa Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna ke ƙarewa kuma hatsi ke tsada.