Ga ƙwaya ga kemo, maganin bai yi wa Baba yawa ba?

TAMBAYA: Salam Likita. Babanmu ya yi wata shida yana shan maganin tibi tarin bai tsaya ba sai ramewa kawai yake, daga baya aka ɗebi tsoka a huhun aka ce kansa ce wai har ta taɓa ƙashin baya. Yanzu ƙwaya ɗaya yake sha kullum sannan duk sati uku a yi masa kemo (maganin kansa da ake sawa ta jijiya), ranar da aka yi ko kunu ba ya iya sha. Yayyena sun ce a bar kemon a riƙe ƙwayar tunda ita ce mai tsadar. Dan Allah ya kike gani? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Yadda kika kwatanta, ƙwayar da yake sha ta yi kama da osimertinib, wadda ake ba masu kansar huhun da gwaji ya nuna canji a ƙwayar halittar EGFR. To matsalar ita ce ƙwayoyin kansa ba iri ɗaya ba ne ko a jikin mutum ɗaya, ƙwayar maganin tana toshe hanyar da yawancinsu ke bi su hayayyafa, amma akwai 'yan tsiraru masu wayon ɓera, ki toshe wannan ramin su ɓullo ta wancan (sau da yawa ta wata hanya da ake ce wa MET), kuma su ne ke sa cutar ta sake motsawa. Shi kemo ba ruwansa da rami, duk ƙwayar halittar da ke saurin rabuwa yake bi.

An gwada wannan haɗin a binciken FLAURA2 kan mutum 557, sakamakon ya fito a 2023. Masu shan ƙwayar kaɗai sun samu kusan wata 17 kafin cutar ta sake motsawa, waɗanda aka haɗa musu da kemo kuwa wata 25 da rabi. Wata tara ba wasa ba ne. Amma fa gaskiya haɗin ya fi wahalarwa, jini yana sauka, ga tashin zuciya ga kasala, yayyenki ba ƙarya suka gani ba.

Ni dai ban yarda ku tsayar da kemon da kanku ba. Ku faɗa wa likitansa ba ya cin abinci, akwai maganin amai, ana rage yawan kemon ko a ɗaga ranar, kuma galibi zagaye huɗun farko ne masu nauyi, bayan nan a rage kemon zuwa magani ɗaya mai suna pemetrexed, yana ci gaba da shan ƙwayar. Idan jikin ya ƙi ɗauka likitan da kansa zai iya barin sa kan ƙwayar.

Abin da ya fi damuna ma maganin tibin nan ne, ki duba min ko har yanzu yana sha, domin rifampicin da ke ciki yana rage ƙarfin osimertinib sosai a jini. Ki kwashe duk abin da yake sha a leda, har jiƙon da 'yan dubiya ke kawowa, ki kai wa likitan ya gani.